Ranar da Aka Ɗauki Alhaji a Kafaɗa

Ana idar da sallar asuba muka kulle gidanmu na unguwar Glenwood da ke Greensboro a Amurka, mu uku: ni, da Alhaji maigidana, da 'yar autarmu wadda ita ta shirya tafiyar tun daga tikiti har masauki. Maƙwabcinmu, wani ɗan Damagaram mai tuƙin tasi, shi ya kwashe mu zuwa filin jirgi. Titin Wendover ɗin da kuka sani da cunkoso, a wannan lokacin fayau take, sai manyan motocin kaya da masu tashi daga aiki. Alhaji yana zaune a gaba, ya ƙura wa manyan ɗakunan ajiyar kayan nan ido har muka wuce su. A ɗaya daga cikinsu ya yi aiki shekara da shekaru kafin ciwo ya zaunar da shi.

Masu bibiyata da yawa sun tambaye ni, Hajiya, ana zaune lafiya me ya kai ku dajin Yuganda kallon goggon biri? Wata ma cewa ta yi da Umara muka tafi da ya fi. Ba ta yi ƙarya ba, amma ga dalili. Bara waccan Alhaji ya faɗi a kicin, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ina tsaye da zani ɗaya ma'aikatan motar asibiti suka ɗaure shi a gadonsu suka fita da shi ta ƙofar gaba. Allah ya ba shi sauƙi, magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, hannu kuwa rabi da rabi. Watannin da ya yi a kujera ba abin da yake kallo sai shirin namun daji. Ranar da matar da ke koya masa tafiya ta ce ya zaɓi wani wuri da yake son zuwa, don ya riƙa motsa jiki saboda shi, sai ya nuna talabijin inda wani ƙaton goggon biri ke ɓantarar ganye, ya ce, "Wurin waɗancan. Kuma da ƙafata."

Tun daga ranar wannan magana ta zama dokar gidanmu. Ba a riƙe shi, ba a miƙa masa abu, in cokali ya faɗi sai dai ki kau da kai har ya ɗauka. Na ji zafin abin ƙwarai, domin mijina ya dawo gida amma ya hana ni jinyarsa. Sai dai ba wannan ne babban tsorona ba. Na san duk ƙarfin halin da ya tashe shi daga kujera a kan biran nan ya rataya shi. In muka je ya kasa kaiwa, ban san da wane Alhajin zan dawo gida ba.

Jirgi ya kai mu Atlanta, daga nan Turai, daga nan Entebbe. Ba zan gajiyar da ku da zaman jirgi ba, ƙafafuna dai sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Abin da na fara ji da muka sauka shi ne iska mai laushi da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Ko'ina kore shar. Alhaji mutumin Maraɗi ne, ni kuwa 'yar Katsina, duka mun saba da itace ɗaya nan ɗaya can, sai ga mu a ƙasar da in ka jefar da ƙwallon mangwaro ka dawo ka tarar da inuwa. Mun kwana a gefen tafki, da safe direbanmu ya zo da wata mota mai dogon ƙafa.

Abu na farko da ya tayar min da hankali shi ne hannun da suke tuƙi. Ta hagu suke bi. Duk motar da ta taho sai in ga kanmu ta yo, in kama salati, direba yana dariya. Ga 'yan acaɓa, su a can boda-boda suke ce musu, kamar an kaɗa su daga rami. Na ga wanda ya ɗauko katifa da akuya da mai akuyar duka a babur ɗaya, na ce to, ashe 'yan gida ne. A bakin hanya muka sayi abin da suke kira roleks: ƙwai ne ake soyawa da tumatir da albasa, a nannaɗe shi cikin wani lallausan burodi mai faɗi kamar gurasa. Kuɗin kofin gahawa ɗaya a Greensboro ya ciyar da mu har da direba. Mun tsaya inda suka ce nan ne layin da ya raba duniya biyu, yarinyar ta sa mu tsaya ƙafa ɗaya a kudu ɗaya a arewa ta ɗauke mu hoto. Ni dai ban ji wani bambanci ba.

Wajen Mbarara muka fara ganin shanunsu. Na tashi cikin shanun Fulani, amma ban taɓa ganin ƙaho irin wannan ba, har na tausaya wa wuyan dabbar. Alhaji ya sa aka tsaya ya daɗe yana kallo, yana ta lissafin yadda za su shiga ƙofar garke. A garin muka ci abincin rana a wurin wani Musulmi da direba ya sani. Tuwonsu na ɗanyar ayaba ne, matoke, ana turara ta a cikin ganyenta a murƙushe, a zuba miyar gyaɗa. Ba laifi, amma babu yaji ko na magani. Allah ya sa na taho da nawa a jaka, har mai abincin ya ɗanɗana ya nemi ruwa.

Daga Kabale hanya ta daina wasa. Kwalta ta ƙare, muka shiga hawa da gangara, dutse a dama, rami a hagu. Mutanen wurin suna noma har saman tsauni, gona bisa gona kamar matakala, dankali da wake da ganyen shayi. Mata na hawa da fartanya a kafaɗa da goyo a baya, suna hira, a wurin da ni ko tsayuwa ba zan iya ba. Mun isa masauki a gefen dajin Bwindi da yamma, sanyi ya sauko, aka sa mana robar ruwan zafi a cikin bargo. Wanda ya ce muku duk Afirka zafi ce bai zo nan ba.

Da safe aka tara mu a ofishin masu gadin daji. Kuɗin takardar izini kar ku tambaye ni, yayyen yarinyar ne suka haɗa, na mutum ɗaya dai ya kusa hayar gidanmu ta wata. Jagoranmu, wani siriri mai sanyin murya, ya karanta mana dokoki. Mai mura ba ya zuwa, don ciwonmu yana kama su. Za a rufe baki da hanci. Ba a matsawa kusa, ba a nuna su da yatsa, ba a cin abinci a gabansu. In babban ya taso, kar a gudu, a tsuguna a sunkuyar da kai. Na ce wa yarinyar, kin ji, ko biri ya san a tsuguna wa babba. Ta harare ni ta ƙasan ido. Sai aka ce kowa ya tura ƙafar wandonsa cikin safa saboda tururuwa masu cizo. Ku dubi Hajiyarku da hijabi a cuse cikin rigar ruwa, wando a cikin safa, ga sanda a hannu. Na gode Allah da babu ɗan Katsina ko ɗaya a wurin.

Kowa an haɗa shi da mai ɗaukar masa jaka, mutanen ƙauyen ne, kuma su ke jan hannunka in wuri ya yi santsi. Ni kam tun kafin a tambaye ni na miƙa jaka da hannu. Alhaji ya rataya tasa, wanda aka ba shi ya miƙo hannu, ya ce masa "marsi" irin ta mutanen Nijar, ya wuce.

Mun ratsa gonaki, sannan daji ya haɗiye mu. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rana tana sama amma ba ta isowa ƙasa, itatuwa duk sun sha gansakuka, ruwa yana ɗiga ko ba a ruwa. Hanya babu, sai abin da na gaba ya sara da adda. Da farko Alhaji ya ba ni mamaki. Yana dogara sanda, ya ja ƙafar, ya sake dogarawa, har wasu Turawa tsofaffi biyu da ke cikinmu suna jinjina masa. Mun gangara wani kwari muka tsallake rafi, muka fara hawan ɗaya gefen. A nan na ga ƙafar ta fara ƙin ɗaguwa, bakin takalmin yana kartar laka. Ya faɗi a kan gwiwa ya tashi da kansa, na kau da kai kamar yadda na saba. Faɗuwa ta biyu ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, sai ya zauna a kan saiwar itace yana haki.

Jagora ya yi magana a rediyonsa da masu bin sawun biran tun safe. Ya ce sun ƙara hawa sama, kuma ba zama za su yi su jira mu ba. Ya faɗi haka cikin ladabi, amma kowa ya gane.

Sai yarinyar ta ce da Turancinta, "Baba, kar ka damu, na shirya wannan." Ta yi wa jagora alama, ya yi fito. Ashe tun daga ƙauye akwai ƙarti suna biye da mu daga nesa, ita ta yi hayarsu a ɓoye. Suka ɓullo daga cikin ganye ɗauke da abin da a can suke kira helikwafta don raha, da shi ake kai wanda ƙafa ta gaza. Wani dogon gado ne da aka saƙa da gora, daidai tsawon mutum, da sanduna biyu, mutum huɗu sun saɓa shi a kafaɗa.

Gabana ya faɗi. Ban buƙaci kallon Alhaji ba, na san abin da ya gani, don ni ma shi na gani. Makara ce sak, har yadda suke tafiya da ita. Yarinyar tana ta murmushi, ita a ganinta ta yi abin kirki, kuma ta yi. A Greensboro aka haife ta, inda mota ke ɗaukar gawa. Ba ta taɓa tsayawa a zaure ta ga an fito da wani nata a kafaɗar maza ba.

Alhaji ya ce, a hankali, "Ku mayar da ita. Ba a ɗaukata a wannan da raina."

Yarinyar ta fara bayani, cewa kowa yana hawa, har 'yan wasan motsa jiki. Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa ba ta ma san laifinta ba. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ku je ku gano su. Ni a nan tafiyata ta tsaya."

Na roƙi jagora su ɗan yi gaba. Na zauna a laka kusa da shi, wandon nan da safa da komai. Ni ba gwanar lallashi ba ce, duk wanda ya san ni ya sani, kuma a lokacin haushi da tausayi sun cakuɗe min. Na ce, "Alhaji, tambaya zan yi maka. Ka taɓa ganin mace ta bi makara?"

Ya ce, "Mata ba sa bi."

Na ce, "To ni zan bi wannan. Ƙafata ƙafarka har saman dutsen." Ban tsaya nan ba, na ci gaba. "Ranar da za a ɗauke ka ɗaukar gaskiya, in ni ce a baya, iyakata bakin ƙofa. Maza za su tafi da kai, ni in zauna a tabarma ana min gaisuwa. Ranar da motar asibiti ta zo na ɗanɗani wannan tsayuwar, ban manta ba. Yau kuwa an ba ni dama in bi ka, in riƙe hannunka, in yi maka surutu har ka gaji. Kar ka hana ni."

Na ga ya sa bayan hannu ya goge ido, na yi kamar ina cire ƙaya a safa. Can ya ce, "Bon, shi ke nan. Amma ba zan kwanta ba, a zaune zan tafi, da hulata. Kuma kafin a iso wurinsu a sauke ni." Na ce na ji. Ya kira yarinyar ya dafa kanta, ya ce mata da Hausa Allah ya yi mata albarka, ta amsa da amin, ta rungume shi tana kuka.

Aka jingina masa jakunkuna a baya ya zauna, suka ɗaga. Ban san inda mutanen nan suke samun ƙarfi ba. Wurin da nake rarrafe su takawa suke, da takalman roba, suna hira da yarensu. In ɗaya ya gaji wani ya zura kafaɗa ya karɓe shi ba tare da an sauke ba. Na ga Alhaji ya lura da wannan, fuskarsa ta canza, don haka ake yi a hanyar maƙabarta. Sai na ɗaga murya na fara yi masa mitar kuɗin wutar da ya bari a kunne a bayan gida, da maƙwabciyar da na ba wa ajiyar shukokina. Inda hanya ta yi faɗi na riƙe hannunsa na hagu, wanda ya daɗe bai bari na taɓa ba. Inda ta matse na bi baya ina haki ina magana. Kafin mu kai sama ya koya wa masu ɗaukarsa "sannu da aiki," suna ta maimaitawa suna dariya.

Da muka iske masu bin sawu aka ajiye shi, aka ce a bar sanduna da jakunkuna a nan. Ba sanda ke nan. Ya dube ni, na matso, ya dafa kafaɗata. Haka muka taka ɗan abin da ya rage, da ƙafarsa.

Warinsu muka fara ji, sai ƙarar karyewar reshe, sai ganye ya motsa. Wata uwa ce zaune, tana ɓare wani kara tana ci, ɗanta maƙale a ƙirjinta yana leƙenmu da idanu kamar na jaririn mutum. Yatsunta na kalla, har da farce, har da layin tafin hannu. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah. Wasu matasa biyu suna kokawa suna gangarowa, ɗaya ya tashi ya bugi ƙirji ya faɗi da baya. Sannan muka ga babban. Yana kwance a kan cikinsa, bayansa fari kamar an barbaɗa toka, kansa kaɗai ya kai turmi. Wata mace daga cikin biran tana zaune a gefensa tana buɗa gashin kafaɗarsa tana cire masa ƙazanta, shi kuwa ya lumshe ido. Wani ɗan ƙarami ya hau bayansa ya zamo, ya sake hawa, ko gezau. Sau ɗaya ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi wani gurnani mai taushi daga ciki, wanda jagora ya ce ma'anarsa babu damuwa.

Awa ɗaya ake bayarwa, kuma ban taɓa ganin awa mai gudu irinta ba. Rabinta ba biran na kalla ba, Alhaji na kalla. Yana tsugune a gefena, takunkumin fuskarsa ya jiƙe, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Da jagora ya ce lokaci ya yi, ya raɗa min, "Hajiya, na zo."

A dawowa ba a yi gardama ba, da kansa ya hau ya gyara hula. Ruwa ya tsuge mana a hanya, muka iso masauki kamar an tsamo mu daga rijiya. Yarinyar kuma ta ƙara tafka wata: ta tura hoton babanta a kafaɗar mutane cikin zauren dangi na waya, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Kafin mu gama shan shayi yayarsa ta kira daga Maraɗi tana kuka, sai da ya yi mata magana ya yi dariya sannan ta yarda. Daga nan ta koma zaginsa, wai tsofai-tsofai da shi ya tafi daji neman biri.

Mun kwana biyu muna jinyar cinyoyi, muka kamo hanyar Entebbe, muka sake bin jiragen nan har gida. Mun tarar da Greensboro yadda muka bar ta, ciyawar ƙofar gida ta yi tsawo, ɗaliban da ke haya a gefenmu suna ta kiɗansu. Ga mai niyyar zuwa: ku tafi da takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa da yajinku, kuma ku ɗauki mai jaka ko ba ku gaji ba, da wannan aikin suke ciyar da gidajensu. Abin da ni na koyo kuwa ba a kan biri ba ne. Na gane cewa mai ciwo yana tsoron a taimake shi, mai jinya kuma yana tsoron a hana shi taimako, kuma mutum biyu za su iya kwana ɗaki ɗaya da wannan tsoro ba wanda ya faɗa wa wani. Mu sai da muka je har tsakiyar dajin wata ƙasa muka zauna a laka sannan muka faɗa.

Washegarin dawowarmu na farka da asuba na ji motsinsa a banɗaki. Tun da ya yi ciwo alwala ce ta fi ba shi wuya, don hannun hagu ba ya iya wanke na dama, kuma kullum ƙofa a kulle yake fama shi kaɗai. Ina kwance ina saurare kamar kullum, sai na ji ƙofar ta buɗe.

Ya ce, "Hajiya, kin tashi? Zo ki zuba min ruwa."

Na tashi na ɗauki buta.